Albashin Mugun Zato

Ni ake biya in yi mugun zato.
Inna ta hore ni da kyautata wa mutane zato,
amma ba ta ce komai a kan bututu ba.

Ƙarfe bakwai nake shiga masana'antar sabulu da bilic
ta hanyar Kalambaina,
da hular kwano, da takarda mai gida uku:
me zai iya faruwa, sau nawa,
wa zai kwana asibiti.

Ina tsayawa gaban kowane famfo kamar mai bin bashi.
In ka ƙi buɗewa fa?
In ka buɗe ka ƙi rufewa?
In wuta ta ɗauke, injin juyi ya tsaya,
soda na dahuwa ita kaɗai,
mai duty kuma ya zaga alwala?

Afrilu ne.
Ranar Sakkwato ba ta karanta littafin maƙeran tankin nan ba.
Su digiri talatin da biyar suka rubuta.
Da azahar na ɗora masa tafin hannu,
na fizge kamar na taɓa tanda.

Arzika, wanda a gabansa aka haƙa harsashin ginin,
ya juya goro a kumatu:
"Injiniya, mi kaka biɗa?
Shekara sha tara nike nan, ko ƙuda bai mace ba."
Ban tanka ba.
Hannun rigarsa nake kallo,
wanda ba ya naɗewa komai zafi.

Zanen ofis ya ce kwata biyu ce,
ta asid daban, ta bilic daban.
Na bi su da ƙafa, a duƙe,
har bayan katanga inda ciyawa ta koɗe,
na iske sun haɗe baki.
Wani magini, wata damina, ya ga ruwa na kwanciya,
ya yi taimako da rabin buhun siminti.
Ranar da wankin tankunan ya zo ɗaya
hayaƙi mai ruwan ɗorawa zai tashi a nan.
Irinsa ba ya hawa sama. Ƙasa yake rarrafe,
ƙasa kuwa ta gangara zuwa rumfar Kulu mai fura,
bayanta aji uku na firamare, tagogi a buɗe.

Manaja ya ce a sayo ƙararrawa,
a ƙaro takunkumi, a rubuta gargaɗi da jan fenti.
Na ce takunkumi sai an sa,
ƙararrawa sai da kunne a kusa.
A fasa kwatar.
Asid na wata uku ya koma na mako biyu;
abin da ba ka tara ba, ba ya malala.
Ya danna kalkuleta sau uku, amsa ba ta sake ba,
ya sa hannu kamar ana cire masa haƙori.

Ranar da ake fasa simintin
Arzika ya tsaya kusa da ni, ya naɗe hannun riga.
Daga gwiwar hannu zuwa wuyansa
fata na sheƙi kamar ledar da ta sha wuta.
"Akwai wani hwamho bayan tukunya ta ukku.
Da tsumma nika ɗaure shi.
Ba shi cikin takardakka."
Na ce, me ya hana ka faɗa?
Ya ce, "Wa at tambaye ni?"

Na ba shi biron.

Shekara ta zagayo, ba abin da ya faru.
Ba a yanka rago don gobarar da ba ta tashi ba,
ba mai zuwa barka.
Yara sun tashi ƙarfe ɗaya da rabi suna jifar kurna,
Kulu ta dama mini ta ɗari biyu,
ta ce na rame,
ta tambaye ni wai ni wane aiki nake yi a ciki.

Na ce mata, tambaya.
Ta ƙara mini nono.