Gwangwanin Labbo

Mu huɗu muka bar Sakkwato da asuba,
ƙafa ce motarmu, Wurno muka nufa.
Arzika da burodi, Jabbi da rediyo,
ni da baki kawai.
Labbo kuwa da gwangwanin madara mai tsatsa a murfi,
wanda innarsa Ige ta shirya masa,
ita da ta shekara talatin tana wanke miki a asibiti.

Na yi dariya har na riƙe ciki:
"Yaƙi za mu, ko haihuwa za ka karɓa?"
Bai tanka ba. Ya gyara igiyar jakarsa.

Hantsi bai gama ɗagawa ba
takalmin Jabbi ya ci amanarsa.
Bororo a diddige, kamar ƙwan ƙadangare.
Ya karyo ƙayar aduwa zai tsire shi.
"Aje ƙayar ga," in ji Labbo,
"hwatar da kake son hudawa ita ce rigar ciwon."
Ya wanke da sabulu, ya bar wurin ya sha iska,
ya kewaye shi da auduga, ya rufe da filasta.

Gab da Acida, a gangaren wani kwazazzabo,
Arzika ya amince wa dutse, dutsen ya gudu.
Targaɗe. Idon sawu ya soma hawa.
Na ce a ja, a murɗa, haka kakana yake yi.
"Da ɗingishi kakanka ya koma ga Allah," in ji Labbo.
Tsumma jiƙaƙƙe tukuna,
sai bandeji daga yatsu zuwa ƙwauri,
ya zura ɗan yatsa ƙarƙashi, kada matsi ya tare jini.
Mai amalanken albasa ya tsaya,
muka ɗora Arzika, ƙafarsa bisa buhu,
ya tafi yana ɗaga mana hannu kamar ango.

Azahar ta sauko ta zauna a kanmu.
Rediyo ma ta gaji.
Ban lura ba, wallahi ban lura ba,
gorar Labbo ta ƙare a ƙafafun mutane.
Na dai ga tafiyarsa ta karkace,
leɓensa ya yi fari kamar an shafa toka,
gumi mai sanyi, ido ya faɗa.
Ya ce kansa ana daka.
Sai gwiwa ta saki.

Muka ja shi inuwar gawo.
Na ɓalle masa maɓallai, na tada ƙafarsa da jaka,
Jabbi na fifita da hula, yana kiran sunan Allah.
Hannuna na rawa na buɗe abin da na yi wa dariya.
A cikin murfi, takarda a liƙe,
rubutun Ige, manya manya, ya karkata hagu:
"Ruwa mai tsabta lita ɗaya.
Sukari cokalin shayi shida, a shafe.
Gishiri rabin cokali.
Kurɓi kurɓi, ba gaggawa.
In bai gane ku ba, kada ku ɗura, ku nemi mota."

Ruwan leda biyu suka rage mana a duniya.
Na tambaye shi sunana.
Ya ce, "Mai baki."
Na dama, na tallafi ƙeyarsa.
Kurɓi.
Tsaya.
Kurɓi.
Inuwa ta matsa, muka bi ta da shi.

Can la'asar ya dube ni da ido biyu,
ya tsotsi leɓe, ya ce, "Ka iya ƙirga ashe."

A bayan akori-kura muka shiga Wurno,
tsakanin buhunan tafarnuwa, ba mai alfahari.
Ige ta taɓa goshinsa, ta duba harshe,
ta zazzage gwangwani a tabarma tana lissafi.
Filasta saura uku. Bandeji babu.
Ta cika shi, ta danne murfi da tafin hannu,
ta tsallake ɗanta, ta miƙo mini.

Yana jakata har yau.
Tsatsar ta ɓata mini riga biyu.