Kilishin Sanyi

Barira ce ta kawo shi daga Lekki,
'yar leda mai zif, da hoton mage a goshinta.
Ta ce, "Gwaggo, tsokar kaza ce zalla,
an daskarar da ita, an zuƙe ruwan."
Na ce yaushe sanyi ya fara shanya?
Ubana ya shekara talatin yana kilishi a Agege,
rana ce 'yar aikinsa, ita da gawayi.

Na ɗauki guda, ba nauyi,
ɓawon gyaɗa ya fi shi cika hannu.
Tsintuwa na barci a kan keken ɗinkina.
Hancinta ne ya fara tashi
kafin sauran jikin ya biyo baya.

Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta:
da aka ɗauke wuta kwana huɗu,
kifin firji ya kore mu daga ɗaki,
shi ko yana nan, bai ce uffan ba.
Ba gishiri, ba yaji, ba maiƙo a yatsa.
Ƙwayar tsutsar da muke kokawa a kanta,
ni da zane, ita da farce,
na marmasa shi a kai, ta lashe kwano.

To, amma.
Kan titus da shinkafa, abincinmu tun tana jaririya,
yanzu sai ta shinshina, ta dube ni
kamar na miƙo mata takardar haya.
Na tambayi kuɗin ledar. Barira ta yi dariya.
Ashe ya kai ni Oshodi a danfo, in je in dawo,
har mako ya zagayo.

Likita Morenike ta Oko-Oba ta juya ledar a hannu.
"Hajiya, ɗanye ne fa.
Sanyi ba ya kashe cuta, barci yake sa ta.
Ki wanke hannu. Ki ɓoye wa jikanki.
Kuma mage ba mashayiya ba ce,
a nama take samun ruwanta.
Ki jiƙa mata."
Wato in biya a cire ruwa,
in zo gida in mayar.

Ban ma wahala ba. Daren wata Laraba a Yuli
na manta zif a buɗe,
iskar Ikko, wadda ko ashana ba ta bari,
ta shiga ta mayar da abin da injin ya cire.
Kwana biyu ya yi laushi, ya soma gashi,
kiyashi sun yi layi har ƙofa.

Leda ta biyu tana cikin gwangwanin madara,
murfi a danne, can saman kwaba.
Uku nake ba ta, ran Juma'a.
Sauran kwanakin ta ci kan kifi ko ta kwana haka.
Tana ci.
Amma ko cokali ya taɓa gwangwani
sai in ji ta a ƙafata.