Idon Da Ba Ya Zuƙowa

Kuɗin albasar rani ne, buhu shida,
na ƙulle a leda, na hau motar Birnin Kebbi.
Arzika mai shago ya share kanta da gefen riga,
ya jera mini idanun kyamara uku kamar ƙwan zabo.
Ya ce, "Duk cikinsu babu mai zuƙowa.
Inda ka tsaya, nan ya tsaya.
In kana son kusa, ƙafarka ce kuɗin mota."

Na ɗauki talatin da biyar, na leƙa.
Wannan ɗan surutu ne, ba ya rufa asiri:
zai kawo mini Inna, ya haɗo da turmi,
da igiyar shanya, da akuyar maƙwabta,
da tsagar bangon da kullum za a liƙe bayan salla.
In na matsa kusa kuma, in ji Arzika,
hancin mutum ya riga shi shiga hoto.

Tamanin da biyar ɗan gayu ne.
Yana narkar da baya kamar man shanu a tuwo mai zafi,
fuska ta fito ita kaɗai.
Amma yana son fili, taku goma da baya,
ɗakin Baba kuwa taku huɗu ne,
na biyar ƙeyata ce da bango.
Kuɗinsa ma ya fi albasata tsawo.

Na tsakiyar bai yi mini alkawarin komai ba.
Hamsin. Ƙarami, kamar gwangwanin madara.
"Yadda idonka ke gani," in ji Arzika, "ba ragi, ba gyara.
Hasken taga ɗaya ya ishe shi,
ko da magariba ta kawo kai."
Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya sallama.
Canjin bai wuce ruwan leda da motar Aliero ba.

Ban gaya masa ba, ai bai tambaya ba:
shekara uku, da tsohon idona mai zuƙowa,
daga bakin zaure nake satar Baba.
In laɓe, in murɗa, in janyo shi
yana ɗorin ƙafar wani yaro, ko yana lazimi.
Hotuna ɗari, duk gefen fuska.
Tun ranar da na ce ba zan gaji ɗori ba
maganarmu ba ta wuce "an tashi lafiya."

Da la'asar na tsaya inda na saba.
Na leƙa: Baba ɗan mitsitsi, can ƙuryar tabarma.
Yatsuna suka nemi abin murɗawa, babu.
Taku ɗaya: karare da tsummoki sun fi shi yawa.
Taku biyu, na tuɓe takalmi.
Na uku ya kai ni inda ƙanshin man ɗorinsa yake,
dole na durƙusa, don hasken ta ƙasa ya shigo.

Ya ɗago. "Mi kaka nema, Jabbi?"
Na ce, fuskarka.
Ya ce, "Tana nan inda kab bar ta."

Sai ga tsagen kumatunsa, layi-layi kamar kunyoyin fadama,
da furfurar gira da ban san ta fito ba,
da ni kaina, ƙarami, a cikin ƙwayar idonsa.
Hannuna ya yi rawa. Na farko ya fita dishi-dishi.
Ya kama mini wuyan hannu yadda yake kama karaya,
ya ce, "Riƙe numfashi.
Ƙashi ma hakanan a ka kama shi."

Na biyun shi ne a bangon ɗakina.
Kunnen hagu ya ɗan narke, Arzika zai ce kuskure ne.
Gobe Tumba za ta kawo 'yan biyunta,
an ce in zo da hantsi, kafin rana ta yi tsaka,
kuma Baba ya ce in taho masa da bandeji.