Igiyar Palladan

Ni aka ba igiya.
Shuɗiya ce, irin ta ɗaure buhun masara.
Aka ce: Barau, daga nan har gindin darbejiya,
ko akuya kada ka bari ta matso kusa.

Jirgin nan ba shi da inji.
Wani ke jan sa sama kamar maraƙi, sannan ya sake shi,
ya hau zafin bazara yana kewaya irin na shirwa,
ya leƙa Kufena, ya juyo ta kan Kubanni.
Su bakwai ne ran nan, ana gasa.

Ilu mai gyaran rediyo ya zo daga Kwangila
da wayar ƙanensa, don tasa ba ta ɗaukar hoto.
Shekara goma muna shan shayi a benci ɗaya.
Ya ce: taku biyar kawai,
in ɗauko wa Uwani cikin jirgi ta gani.
Na duba hagu, na duba dama,
na ɗaga masa.

Mai inji yana sallama, tun daga Samaru ake jin sa.
Wannan kuwa sai shuuu, kamar an ja zane a kan tabarma.
Lawandi ne a ciki, an riga shi da daƙiƙa huɗu,
ya sunkuyar da hanci don ya cinye tazarar,
ya yi ƙasa-ƙasa har ciyawa tana kwanciya.
Bakin fiffike kawai.
Takalmi ɗaya ya rage inda Ilu ya tsaya.
Kafin a kai Shika, rai ya yi halinsa.

Kwana uku aka zauna a ofis mai fanka.
Lawandi ya ce tsayin da ya bi, kowa shi yake bi,
yana faɗa muryarsa na rawa.
Masu shiri suka ce akwai igiya, ga ma rasiɗinta.
Mai awon fili ya ce an sa shi ya bar wa manyan baƙi inuwa,
shi ya sa layin ƙarshe ya karkato wajen 'yan tsaye.
Laifi tudu ne, kowa ya hau nasa
yana hangen nesa.

Ni ba wanda ya kira ni.
A takarda an ce marigayin ya ƙetare da kansa.

Na ji wai duk matuƙi yana sa hannu kafin ya tashi,
cewa ya san abin da ya ɗauka, ya yarda.
Ilu bai sa hannu a komai ba.
Kallo ya zo, a ƙasa.

Wayar ba ta fashe ba.
Ran sadakar bakwai Uwani ta kawo min ita.
Hoto biyu ne. Na ƙarshe fari fat, ba ka gane komai.
Na farkon gwaji ya yi, a karkace:
ciyawa, shuɗiyar igiya a sama,
da hannu mai zoben azurfa yana riƙe da ita.
Ta ce: Baba Barau, hannun wa ne wannan?
Na cire zoben tun daren.
Har yau ban ba ta amsa.