Teburin Bakin Ƙofa

Bakwai saura kwata nake sauka daga Keke,
daga Jekadafari, da kunun gyaɗa a fulas.
Bappa Manga mai gadi ba ya tambaya,
ya san makullin ofishin Dakta na hannuna.

Ba na rataya abin sauraren ƙirji,
ban taɓa tsira wa ko kaza allura ba.
Amma Goggo Daso in ta je biki a Deba
cewa take, "'Yata likita ce a Gombe."
Sau uku na gyara mata, na huɗu na ƙyale,
ita da alfaharinta, ni da teburina.

Shekara biyu ina koyon buga na'ura,
yatsu goma, ido ba ya leƙen madannai.
Na haddace sunayen cuta masu tsawon igiyar guga.
Rubutun Dakta Lamela kuwa tonon kaji ne a juji,
sai da na yi wata shida na raba wasalinsa da baƙi.
Yanzu in ya bar wa matarsa takarda, ni take kira,
fassarar cefanen gidansa ma ta shigo aikina.

Ga manomin Dadin Kowa, katinsa ya sha gumi a aljihu,
lambar ta narke, sai ƙwaya uku na ƙarshe.
Ga wata daga Bajoga da yaro a baya,
an ce Alhamis, ta ji Talata,
kuɗin motar kuma bashi ne.
Na duba littafi sama da ƙasa, babu gurbi,
ta zauna kan benci tana kallon alƙalamina.

Ranar da ba na mantawa Laraba ce, an ɗauke wuta,
kwamfuta ta yi shiru, na koma babban kundi.
Dudu Hammadu biyu ne ashe a asibitin nan,
ɗaya ta Kumo, ɗaya ta Dukku,
ga shekaru kusa, ga fayil launi ɗaya.
Ta Kumo za a yi wa tiyata da hantsi.
Na ga rukunin jininta na bara, na ga na yau, sun saɓa.
Jini ba ya canza riga.
Na tashi, kujera ta faɗi,
na keta baranda, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya,
na cim ma gadon a bakin ƙofar ɗakin,
numfashi ya ƙare, sai takardar na miƙa.
Dakta ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Madalla."
Shi ke nan. Ta warke, ta koma Kumo,
har yau ba ta san sunana ba, ba ta san kamannina.

A unguwa Adda Fanta kan tare ni da dariya:
"Me ya kai mijin wance wajenku jiya?"
Sai in ce, "Adda, ruwa ya zo famfonku?"
Na san mai suga, na san mai ɓoye ƙwaya a hula,
na san wanda sakamakonsa ya hana ni cin tuwo.
Rijiya ce mai murfi, cikina.

La'asar in ta yi nakan jera sunayen gobe.
Yau sha tara ne. Waya ta yi ƙara,
ɗan Malam Jauro ne, muryarsa ƙasa-ƙasa:
"Kada ku jira Baba, an kai shi ɗazu."
Ba na cakuɗa sunan mamaci da biro,
rula nake ɗauka, in ja layi guda a miƙe,
in ce Allah ya jiƙansa, in ɗan dakata.
Sannan na leƙa benci. Ta Bajoga tana nan.
Na ce, "Ki kwana a gari, gobe ƙarfe tara,"
na rubuta yaronta a ƙarƙashin layin, da hannuna.