Inci Biyar

Ranar Asabar na kai Fijon Baba Panteka,
wadda aka haɗa a Kakuri shekarar da aka yaye ni.
Fara ce a da, yanzu launin kunun gyaɗa.
Na tsaya gaban rumfar Bulus mai faci, na ce,
"Oga, ƙafafun nan sun yi mini siriri,
kamar na balbela a bakin kogi.
Sa mini masu faɗi, ɗari biyu da sha biyar,
in na hau gadar Kawo a waiwaya."

Bulus bai ɗago ba.
Ya tofa yawu a bakin bawul yana jiran kumfa,
sannan ya shafa rim ɗin da tafin hannu
kamar mai duba goshin yaro mai zazzaɓi.
"Inci biyar ne faɗinsa.
Ɗari da tamanin da biyar zai ɗauka da murna,
da tasa'in da biyar in an lallaɓa.
Abin da ya wuce nan, tsakaninka da kwalta."
Na ce ai kuɗina ne.
Ya ce, "Kuɗinka ne."

Ruwan omo a leɓen taya,
ƙarfe biyu, da diddigen Gimba yaron shago,
yana tsalle a kai yana cin rake.
Injin iska ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Muka ja da baya.
Tas! Leɓe ɗaya ya zauna.
Ɗayan sai da aka roƙe shi da guduma.

Da aka sauke jak na zagaya ina kallo:
gefe ya kumbura kamar tulu,
tsakiya ta turo ciki gaba,
faɗin da na biya kuɗinsa
rabinsa bai ma taɓa ƙasa ba.
Na gani. Na ce ta yi kyau.

Sitiyari ya yi nauyin buhun masara.
In na juya shi, sai motar ta yi shawara tukuna.
A kowace kwana, gurrr,
taya na gaisawa da ƙarfen da ke samanta.
Man da ke kai ni Alhamis
ya fara ƙarewa tun Talata.
Ran da na shiga gida Tudun Wada,
Inna ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu:
"Wa ya zo?
Wannan ba tafiyar motar Barau ba ce."

Wata uku na daure, don kada a ce.
Sai ruwan Agusta ya same ni a hanyar Rigasa,
na taka birki, ta ce ba yanzu ba,
muka tsaya taku ɗaya daga teburin mai ƙosai.
Matar ba ta zage ni ba. Kallo kawai.
Gara zagi.

Bulus ya sa yatsa a tsakiyar tayar gaba,
sumul kamar kan jariri,
gefe kuwa sabo fil, da gashinsa.
Bai ce na faɗa maka ba.
Ya ce, "Ni da babanka layi ɗaya muka yi a kamfani.
Shi ke ɗaure noti, ni ke ba da iska.
Huɗu huɗu, yana ƙirgawa a baki,
shekara goma sha ɗaya ban ji ya tsallake ɗaya ba."
Ya shiga bayan rumfa ya mirgino biyu.
"Na ajiye maka. Sauran biyun
wata mata ta saya, ta shuka alayyahu a ciki."

Yanzu haka nake yawo a Kaduna,
sirara a gaba, masu faɗi a baya,
kamar kwaɗo ya yi shirin tsalle,
har albashi ya shigo.
A gadar Kawo kuwa ana waiwaya.
Jiya ma wani ɗan acaɓa ya rage gudu,
ya dube ni, ya dubi ƙafafun,
ya tambaya ko da gangan ne.