Katangar Labbo

A gangaren Dange, inda marmara ta fi ƙasa yawa,
Labbo kan tsugunna tun hantsi bai ɗaga ba,
yana juya dutse a hannu
kamar mai neman bakin zare.
Ba ya kwaɓa laka, ba ya sayen siminti.
Guduma ɗaya gare shi, ita ma sai ta kama dole.

"Kowane dutse da fuskarsa," in ji shi,
"da kuma gefen da yake son kwanciya a kai.
Ɗora ɗaya bisa biyu, biyu bisa ɗaya,
kada gaɓa ta hau gaɓa.
Manya a gindi. Tsakuwa a ciki,
ita ce tuwon katanga,
in ta kwana da yunwa ba ta kai baɗi."

Ina ɗan shekara sha uku
nake koro jakinsa daga kwazazzabo, mangala cike.
Farcena ya mutu sau biyu a rani guda.
Kunama ta gaishe ni sau ɗaya,
ya ce laifina ne, ban yi sallama ba na ɗaga mata rufi.

Shekarar da Maidamma ya kewaye gonarsa da bulo,
har da fenti,
ruwa ya gangaro daga tudu ja wur,
ya iske an toshe masa hanya,
ya kwantar da bulon kafin asuba.
Da ya iso wajen Labbo
sai ya tarar da ƙananan ƙofofi ba iyaka,
ya ratsa, ya ajiye mana ƙasar da ya sato.
Geron da muka shuka a kanta ya fi ni tsawo.

Bana shekara tara da muka kai shi makwanci.
Shekaranjiya bijimin Altine ya sosa kafaɗa,
ya zubar da kamu biyu daga gabas.
Na tsugunna na mayar da su, ɗaya bisa biyu,
sai guda ya rage, mai baki uku,
ya ƙi kowane gurbi har la'asar.
Ƙadangare na bisa yana gyaɗa kai,
ban san ko yarda ce ko dariya ba.

Da hannu ya gaji na daina matsa masa,
ya karkata da kansa, ya zauna,
ƙas.
Ƙarar da tsohon kan jira ke nan
kafin ya miƙa hannu ga na gaba.